Hajiya Gambo Sawaba da Ƙuri'ar Matan Arewa: Lacca a Makwar

 

Ranka ya daɗe wakilin Sarkin Mai Wurno, umdodi da shehunan ƙauyuka, malamai Allah ya gafarta muku, iyayenmu mata da ke zaune ta wancan gefe, ƙannena 'yan makaranta.

An ce in yi magana a kan mace ɗaya da ta buɗe wa mata ƙofar siyasa. Da sauƙi nake nema, da Fatima Ahmad Ibrahim na ɗauka, tunda babu ɗan makaranta a nan Sudan da bai san sunanta ba. Za ta shigo cikin maganar in lokacinta ya yi. Amma wadda na zo da labarinta 'yar Zariya ce, da Hausa ta yi siyasarta tun daga farko har ƙarshe, kuma ina zaton da yawa a cikinku yau ne za su fara jin sunanta.

Bari in fara ajiye muku shekaru uku. A 1956 dokar Faransa ta bai wa kowane baligi, namiji da mace, damar jefa ƙuri'a a ƙasashen da take mulka, saboda haka matar Maraɗi ta samu tata tun a lokacin. A 1965 matan Sudan suka fita zaɓe baki ɗayansu, bayan juyin Oktoban 1964 da ya kawar da Janar Abbud. Matar Katsina kuwa, wadda tsakaninta da Maraɗi tafiyar 'yan sa'o'i ce, da matar Kano, da ta Zariya, da ta Sakkwato, sai a zaɓen ƙananan hukumomi na ƙarshen 1976 aka bari suka taɓa akwatin zaɓe. Harshe ɗaya, addini ɗaya, mazhaba ɗaya, wani lokacin ma kaka ɗaya, amma shekara 20 tsakani. Duk wanda ya ce addini ne ya hana, sai ya gaya mana wane addini ake yi a Maraɗi da Wad Madani.

Da yawa daga kakanninku sun baro ƙasar Hausa ne bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na wannan shekara, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a gabas har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogin nan. Wasu kuma hanyar hajji ce ta kawo su, guzuri ya ƙare, aikin madatsar Makwar da aka gama a 1925 da gonakin audugar Jazira suka riƙe su. Wannan ɓangare kun fi ni saninsa. Abin da nake so ku duba shi ne halin waɗanda suka tsaya a gida.

Bature bai tuɓe sarauta ba. Ya bar sarki a kan karagarsa, ya ɗora masa Razdan da Di'o a bisa kai, ya kuma damƙa masa abin da ake kira En'e, wato hukumar gargajiya. A hannun En'e haraji yake, da jangali, da kotun alƙali, da 'yan doka, da gidan yari. To da aka shigo zamanin jam'iyyu, sai ya zamana mafi yawan ma'aikatan En'e suna cikin jam'iyya ɗaya, Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPC, mai alamar fartanya, ta Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Idan kai ɗan adawa ne, wanda za ka nemi izinin yin lacca a wurinsa abokin hamayyarka ne, ɗan dokan da zai kama ka yaronsa ne, alƙalin da zai yi maka shari'a a hannunsa yake karɓar albashi, gidan yarin ma nasa ne. Ina faɗin wannan a gaban masu sarauta, kuma na san akwai mai ce mini ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ranka ya daɗe, a wannan karon laifin ya wuce na fadawa, tsarin ne Bature ya ƙera shi haka.

Ranar 8 ga Agusta 1950 samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda talakawa suka sani da Jam'iyyar Neman Sawaba, mai alamar tauraro. Ba da jimawa ba Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa ya zama jagoranta. Teloli ne suka cika ta, da mahauta, da 'yan koli, da ƙananan malamai, da ma'aikatan reluwe. Cikin wannan taro ne wata yarinya 'yar shekara 17 ta je ta yanki kati a Zariya.

An haife ta ranar 15 ga Fabrairu 1933. Sunan yanka Hajaratu, amma da yake ita ta biyo bayan tagwaye, Gambo ya bi ta. Mahaifinta mutumin ƙasar Gana ne, daga gidan Amarteifio, ya zo Najeriya yana aiki da hukumar jirgin ƙasa, ya musulunta ya ɗauki sunan Isa. Mahaifiyarta Fatima Banufiya ce. Ta fara firamare a Tudun Wadan Zariya, uban ya rasu a 1943, uwar ta bi shi bayan shekara uku, karatu ya tsaya nan. Tana da shekara 13 aka aurar da ita ga wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙin duniya na biyu. Tana da cikin fari ya tafi, bai sake dawowa ba. Ta haifi 'yarta Bilkisu a 1949.

Na ga wasu sun ɗago kai da na ce uba Bagane, uwa Banufiya. Na san dalili. Dokar jinsiyya ta Sudan ta 1957 cewa ta yi ɗan ƙasa na asali shi ne wanda kakanninsa suke nan tun ƙarshen 1897, wato kusan shekara 6 kafin Burmi. An gyara dokar daga baya, amma tambayar ba ta mutu ba, kuma a cikinku akwai waɗanda aka haifi uban kakansu a kambo, wato matsugunin 'yan ƙwadagon gona, har yau idan suka je yankar takarda sai an ce su kawo shaidu. Matar da ta fi kowace mace shan ɗauri saboda talakan Arewa, da irin wannan awo aka auna ta, da ba ta ci ba. Zariya ta raine ta, Hausa ce harshenta, a Sabon Gari take kwana take tashi, kuma ita a ganinta wannan ya isa. Ba ta tsaya jiran kowa ya ba ta takardar zama 'yar gari ba kafin ta sa baki a sha'anin garin.

Abin da ya fara fito da ita shi ne baki. A zamanin da namiji ma yakan duba hagu da dama kafin ya ambaci sunan hakimi, ita takan hau teburin lacca ta kira abu da sunansa: harajin da ya fi ƙarfin manomi, aikin tilas, auren ƙananan yara, hana 'ya mace karatu. Biyun na ƙarshe ba a littafi ta karanto su ba. 'Yan jam'iyya suka liƙa mata Sawaba, aka zaɓe ta shugabar matan NEPU. Ta yi tattaki har Abekuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti, matar da ta tara dubban matan kasuwa a kan harajin mata har Alake, sarkin garin, ya sauka daga gadon sarauta na wani lokaci a 1949. A can ta ga da idonta cewa taron mata yana iya girgiza fada.

Amma abin da ta gani a Abekuta ba ya dasuwa a Kano yadda yake. Matar Yarbawa tana kasuwa, kira ɗaya za a yi ta fito. Matar aure a birnin Kano ko Zariya tana cikin kulle, sana'arta a tsakar gida take, 'yarta ce ke kai mata talla. Ba ta zuwa lacca, laccar kuma ba ta zuwa wurinta, domin namiji baƙo iyakarsa zaure. Nan ne Gambo ta yi abin da Malam Aminu da kansa ba zai iya ba duk iya maganarsa. Ita mace ce, tana yin sallama ta wuce zaure, ta wuce soro na biyu, ta zauna a tabarma kusa da murhu. A gidan suna, a gidan biki, a wurin zaman makoki, tana yi wa mata bayanin inda kuɗin harajin mazansu ke tafiya, da abin da ake nufi da ƙuri'a. Matan da take yi wa wannan bayani ba su da ƙuri'ar, ita mai bayanin ma ba ta da ita. Amma su ne ke girka wa masu ƙuri'ar abinci, su ke renon waɗanda za su yi zaɓe nan da shekara goma, kuma hukuma ta gane haɗarin haka tun kafin 'yan jam'iyyarta su gane amfaninsa.

A 1952 aka kama ta a Kano tare da mata kusan 200, aka kai su gaban alƙali aka ɗaure. Shekarar da ta biyo aka hana ta zama a Kano ɗungum, 'yan doka suka rako ta zuwa Zariya. Daga nan ɗauri ya zame mata kamar zazzaɓin damina, kowace shekarar siyasa sai ya zagayo. An ƙirga sau 16 tana shiga gidan yari, a Kano, a Zariya, a Kaduna, a Jos. Laifin kusan kullum ɗaya ne da sunaye daban-daban: taro ba izini, tayar da hankalin jama'a, cin mutuncin masu sarauta. Ta ba da labari da bakinta cewa an taɓa aske mata kai da fasasshiyar kwalba, an yi mata bulala, kuma wata rana ƙarti sun tare ta suka yi mata dukan da suka zaci ta mutu, suka yar da ita a daji. Haƙoranta na gaba na roba ne har ta koma ga Allah.

Duk da haka, a ganina, ba bulala ce makamin da ya fi yi wa matan NEPU illa ba. Iyayena mata, ku gafarce ni, sai na faɗi abin yadda yake. Tunda matar aure ba ta fita, matan farko da suka cika rassan mata na jam'iyyun nan biyu, NEPU da NPC duka, akasarinsu zawarawa ne, da 'yan kasuwa, da masu tuwo-tuwo, da mata masu zaman kansu ƙarƙashin magajiyoyinsu. Su ke rera waƙar jam'iyya, su ke dafa abincin taro, su ke kai wa ɗaurarru tuwo. Kowace jam'iyya ta ci moriyarsu. Amma da zarar mace ta buɗe baki ta nemi haƙƙinta, sai a ɗauko mummunan sunan nan a jefe ta da shi, ko ita wace ce. Wanda aka ɗaure yana fitowa a yi masa barka. Wadda aka ɓata wa suna kuwa, ɓacin har kan 'ya'yanta yake sauka ranar da aka zo neman aurensu. Da wannan aka tsare dubban mata masu hankali da ilimi a cikin ɗaki, ba a kashe ko sisi a kan ɗan doka ba. Gambo ta sha wannan jifa iyakar sha. Aurarrakinta na baya ba su daɗe ba, kuma ba wuya a gane dalili: wane miji ne a wancan zamani zai jure matarsa tana kwana gidan yari saboda lacca? Ta zaɓi abin da ta zaɓa, ta biya kuɗinsa. Ni ban zo in ce muku waliyyiya ce ba. Mace ce mai zafin rai, mai faɗa tun tana yarinya, wadda ba ta iya ganin ana dukan wani ta wuce. Irin wannan hali yana da wuyar zama da shi a gida ɗaya. Amma mai sanyin hali ba ta shiga kurkuku sau 16.

A 1956 ta jagoranci mata zuwa ofishin Firimiya a Kaduna suna neman a ba matan Arewa ƙuri'a. An saurare su, ba a ba su ba. A wannan shekarar ce Malam Isa Wali, ɗan gidan malamai a Kano, ya rubuta jerin maƙaloli a jarida yana kawo hujja daga Alƙur'ani da hadisi cewa matsayin da aka ajiye mace a Arewa al'ada ce aka yi wa rawani. Hujjar ba baƙuwa ba ce a gidan da kuka fito. Shehu Usmanu da kansa, a Nurul Albab, ya yi kakkausan suka ga malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jagorori mata da ake kira jaji tana tura su ƙauyuka suna karantar da mata, abin da aka sani da 'Yan Taru. Wanda ya dubi yadda jaji ke shiga gida-gida, ya dubi yadda Gambo ke shiga, zai ga hanyar ɗaya ce ko da saƙon ya bambanta.

Jagororin NPC sun ce lokaci bai yi ba, jama'a ba za su yarda ba. Ban ce duk ƙarya suke yi ba, da yawa daga cikinsu sun yi imani da abin da suke faɗa, kuma gaskiya ne da an tambayi mazan karkara a lokacin da mafi yawansu sun ƙi. Amma akwai lissafi a ciki. Kujerun majalisar tarayya da yawan jama'a aka raba su, an kuwa ƙirga mata a cikin jama'ar. Wato matar Arewa ta isa a ƙirga ta a samo kujera, ba ta isa ta ce ga wanda zai hau kujerar ba. A zaɓen tarayya na Disamban 1959 matan Legas da na Yamma da na Gabas suka yi zaɓe, na Arewa suna gida. NPC ta tashi da kujeru 134, NEPU ta samu 8. Aka karɓi mulkin kai a 1960 a haka, aka zama jamhuriya a 1963 a haka, sojoji suka kifar da gwamnati a Janairun 1966 matar Arewa ba ta taɓa ganin cikin rumfar zaɓe ba.

Yanzu mu waiwayo gida. A shekarar da aka ɗaure Gambo a Kano, 1952, a shekarar ce Fatima Ahmad Ibrahim da Dakta Khalida Zahir da abokansu suka kafa Ƙungiyar Matan Sudan. A 1955 suka fara fitar da mujallar Sautul Mar'a. A 1965 Fatima ta shiga majalisa, mace ta farko a tarihin ƙasar. Ƙungiyarsu ta matsa har aka samu albashi daidai da na maza ga aiki iri ɗaya, da hutun haihuwa da albashinsa. Ita ma ta biya nata kuɗin: Shugaba Numairi ya rataye mijinta, shugaban ƙwadago Shafi'u Ahmad Shaikh, a Yulin 1971, aka tsare ta shekaru, daga baya ta yi gudun hijira zuwa Ingila a 1990, ta dawo a 2005, ta rasu a Landan a watan Agusta 2017. Abin sha'awa, shi Shafi'u daga ma'aikatan jirgin ƙasa na Atbara ya fito, kamar yadda Gambo ta tashi a gidan ma'aikacin jirgin ƙasa. A ƙasashen nan biyu, inda layin dogo ya bi, nan siyasar talaka ta fara tsiro.

Sai dai akwai bambancin da ya kamata a ce mu a nan mun fi kowa lura da shi. Fatima 'yar makaranta ce, ta yi sakandare a Omdurman, kuma ta ƙofar mazaɓun masu ilimi ta shiga majalisa, kujerun da aka keɓe wa waɗanda suka yi karatun zamani. Bayanta akwai aikin shekara kusan 60, tun daga makarantar 'yan mata da Shaikh Babikir Badri ya buɗe a Rufa'a a 1907, a bakin wannan kogi namu. Gambo ba ta da irin wannan ƙofa, ba ta da takardar da za ta nuna. Ba ta rubuta mujalla ba, mutanenta ma ba sa karatun boko. Idan kuna neman wadda ta yi kama da matar da ke tsintar auduga a gonar wani, ta koma kambo ta ɗebo ruwan magudanar ban-ruwa ta sha, 'yarta kuma ta bar makaranta a aji huɗu, to Gambo ce. Matan ƙauyukanmu sun riga matan Zariya samun ƙuri'a a takarda da shekara 11. Amma ƙuri'a tana bin jinsiyya, kuma ko an samu jinsiyyar, sau nawa aka tara matan kambo aka tambaye su abin da suke so kafin a zo da lori a kwashe su ranar zaɓe?

A ƙarshe soja ne ya ba matan Arewa abin da farar hula suka hana su. Gwamnatin Janar Obasanjo ta yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, mata suka yi zaɓe, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar. Gambo tana da shekara 43. Sama ba ta faɗo ba. Waɗanda suka ce mata ba za su fito ba sun ga layinsu ya fi na maza tsawo a wurare da dama, kuma jam'iyyun da suka gaji masu cewa lokaci bai yi ba su ne suka fi kowa ƙwarewa wajen raba atamfa da sabulu.

A jamhuriya ta biyu ba ta bi Malam Aminu zuwa PRP ba, abin da ya ba mutane da yawa mamaki. Ta shiga GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, mai taken siyasa ba da gaba ba, har ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar na ƙasa. Wannan ya nuna ba 'yar amshin shatan kowa ba ce, ko da Malam ne. Ba ta zama minista ba, ba ta tara dukiya ba. Gidanta a Zariya cike yake da 'ya'yan da ba ita ta haifa ba, marayu da waɗanda aka yasar, wasu daga asibiti ta ɗauko su. A 1998 ta ce ta bar siyasa, domin abin ya koma ciniki. Ta rasu a Zariya a watan Oktoba 2001 tana da shekara 68. Yau akwai babban asibiti mai sunanta a Ƙofar Gayan cikin Zariya, da ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano.

Sa suna a bango abu ne mai sauƙi, gwamnatocinmu duka sun iya shi. Idan ana son a auna abin da ta bari, a dubi jihohi, domin a nan ne mulki ke taɓa talaka: makaranta, asibiti, fili, taki. Tun 1979 har yau ba a taɓa zaɓen mace gwamna a Najeriya ba. Mata biyu daga Arewa sun kai bakin ƙofa. Hajiya A'isha Alhassan, wadda ake kira Mama Taraba, kotun zaɓe ta ce ita ta ci a 2015, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin. Sanata A'ishatu Binani a Adamawa, a 2023, wani jami'in zaɓe ya sanar da ita tun ba a gama tattara sakamako ba, hukumar zaɓe ta soke sanarwar, aka ba abokin takararta. A jihar Gambo kanta, Kaduna, Dakta Hadiza Balarabe ta zama mataimakiyar gwamna ta hanyar zaɓe a 2019, aka sake zaɓenta a 2023. Wannan ci gaba ne, kada a raina shi. Amma majalisar dattawa mai kujeru 109 da aka zaɓa a 2023, matan cikinta ba su kai biyar ba. A watan Maris 2022 majalisar ƙasa ta yi watsi da ƙudurorin da za su keɓe wa mata kujeru, mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a bakin ƙofarta, shekara 66 bayan tattakin Kaduna. Kuma har gobe, mace ta fito takara a Kano ko Katsina, kafin a tambayi manufarta an tambayi ina mijinta. Tsohon makamin nan bai yi tsatsa ba, ya dai koma Facebook.

Sudan ta bi wata hanya, ta kaso. Dokar zaɓe ta 2008 ta keɓe wa mata kashi 25 cikin 100 na kujerun majalisa, aka yi aiki da ita a 2010. A Yulin 2020 aka naɗa mata biyu walai, wato gwamnoni, ɗaya a wilayar Shamaliyya, ɗaya a Nahrun Nil, kuma kun tuna irin ƙurar da wasu shugabannin ƙabilu suka tayar. Takardar tsarin mulkin riƙon ƙwarya ta 2019 ta yi alkawarin kashi 40 a majalisar dokoki, majalisar da ba a taɓa kafa ta ba. Kaso yana da amfani, ina goyon bayansa. Illarsa ita ce shugabannin jam'iyya ne ke rubuta jerin sunayen, a Khartum, kuma mai rubutu 'yar gidan da ya sani yake sawa. Da a zamanin Gambo akwai kaso, ina tabbatar muku da wuya sunanta ya shiga jerin kowa.

Ba na son in tsawaita a kan abin da ya same mu a 'yan shekarun nan, raunin bai warke ba. Rikicin da ya faru a Rusairis da Wad al-Mahi a 2022, kan maganar ko Bahaushe yana da ikon samun masarautarsa a ƙasar da aka haifi kakansa, da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kori mutane daga Madani da Sinja, duk kun gan su da idonku. Abu ɗaya kawai zan ɗauko. Da gwamnati ta ɓace, su wa suka riƙe takaya, wato wuraren girkin taimako, suna ciyar da 'yan gudun hijira? Su wa suka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, da yarinyar da aka aurar don a rage baki, da mai cikin da ba ta da kuɗin mota zuwa Sinnar? Waɗannan matan sun riga sun yi rabin aikin da Gambo ta yi, sun shiga kowane gida, an yarda da su. Rabin da ya rage shi ne ranar da za a zauna rabon kujerun kwamitin ƙauye, da na makaranta, da na ruwa, da wakilcin da za a tura wilaya a yi maganar filin kambo. A irin wannan zama ne akan ce musu an gode, Allah ya saka, su koma ciki. Ina roƙon umdodi da shehunai da ke nan, in ranar ta zo, a bar musu wuri a tabarmar, kuma duk wanda ya ɗauko tsohon sunan nan zai jefi wata da shi, a samu dattijon da zai ce masa ya yi shiru tun bai rufe baki ba.

Malam shugaban zama, na ga ana duba agogo, la'asar ta gabato. Na tsaya nan. In akwai tambayoyi, ina neman alfarma a fara miƙa lasifikar ta gefen iyayenmu mata.